Kalandar Misao Mai Awara

Duk wanda ya bi ta layin gidan waya a garinmu na Kamisawa a shekarar nan ya ga allon. Shi ne dai tsohon baƙin allon da ake rubuta farashin awara a ƙofar shagon gidan Chida, amma yanzu babu awara, babu farashi, sai lambobi biyu da aka rubuta da alli. Na sama yawan ƙwallon da Dogo ya buga ta ƙetare katanga ne a kakar bana, na ƙasa kuma yawan masu bugun da ya zaunar da jifarsa. Mai rubutun ita ce Chida Misao, shekararta tamanin da ɗaya, gajeruwa mai ɗan doro da kaifin baki, wadda ta ciyar da rabin garin nan da awara shekara hamsin da ɗoriya.

Dogo ba sunansa ba ne. Sunansa kam har yaran goye sun sani a ƙasar nan, yaron da ya tafi Amurka buga besbol, wasan nan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda, ya ƙi zaɓar sana'a ɗaya, yau shi ne mai jifa, gobe shi ne mai bugu, wata rana duka biyun a wasa ɗaya. Misao ce ta ce ba za ta wahalar da bakinta ba, tun ranar da ta fara ganinsa a talabijin ya yi wa kowa zarra a tsayi ta raɗa masa Dogo, muka bi ta a haka.

Abin dariyar shi ne, matar nan ta shafe fiye da rabin rayuwarta tana ƙin jinin wasan. Mijinta Kiyoto ne ya ja. Tana da shekara ashirin da biyu ta baro gonar shinkafar iyayenta ta aure shi, ta tarar da mutum mai hannun yin awara amma zuciyarsa tana filin makarantar gari. Bai iya bugu ba, bai iya jifa ba, gudu ma sai a hankali, shi ya sa aka ba shi littafi ya zama marubucin wasa. Duk Asabar ta lokacin zafi sai ya bar mata waken suya a jiƙe, ya soke fensir a bayan kunne, ya sulale ta ƙofar baya. Ita ce niƙa, ita ce tata, ita ce tsayuwa gaban tukunya, tana yi tana zagin duk wanda ya ƙirƙiro ƙwallo.

Shekara shida da suka wuce Kiyoto ya rasu. Da ta zo kwashe kayansa ta sami littattafan nan arba'in da wani abu a cikin kabad, ta ɗaure su da igiya za ta kai wa masu karɓar tsohuwar takarda. Sai ta buɗe ɗaya. A gefen wani shafi, cikin ƙananan alamomin da ba ta gane ba, ta ga ya rubuta a ranar haihuwar 'yarsu: “An haifi Natsue. Zagaye na shida, ana cin mu da biyu.” Kwana biyu tana fushi da mamaci, ko shinkafar safe ba ta ajiye masa gaban hotonsa ba. A rana ta uku dariya ta kama ta har da hawaye, ta kwance igiyar. Kewarsa take yi, kuma babu inda ya bar muryarsa kamar cikin littattafan nan. Da su ta koyi alamomin ɗaya bayan ɗaya, har ta iya rubuta wasa daga jifar farko zuwa ta ƙarshe ba ta tsallake komai ba.

A shafin farko na kowane littafi Kiyoto yana rubuta ƙa'ida guda: wasa da ranar da aka buga shi a inda aka buga shi ake rubuta shi. Misao ta riƙe wannan gam. To wasannin Dogo da hantsinmu muke kallonsu, alhali can Amurka yammacin jiya ne. Saboda haka duk shafin da ta buɗe, ranar jiya take sa masa. Lokacin da shago ke aiki wannan bai dame ta ba, don motar wake da odar makaranta su ne ke gaya mata ranakun mako. Amma a hunturun bara gwiwoyi suka ce sun gaji, ta rufe shago. Da kakar wasa ta fara a watan Afrilu, sau biyu tana kwafar ranar da ke jikin kalandar bango cikin littafi bisa kuskure, sai da ta goge. Abin ya ba ta haushi. Kalandar irin mai ganye ɗaya kowace rana ce, ana yagewa da safe. Sai kawai ta bar ganye guda ba ta yage ba, bango ya daidaita da littafi, ta huta. Kwana ya tura kwana, ta manta ma ta yi hakan. Jarida kuwa shafin baya na wasanni kaɗai take buɗewa.

Kowace safiya bayan wasa takan fito da tsumma da alli. Kuma kowace safiya Onodera Zenkichi, tsohon mai aski da ke gida na uku, yakan tsaya da sandarsa ya nemi magana.

“Misao-san, na sama ya tsaya a ashirin da ɗaya tun shekaranjiya. Yaron naki ya gaji ne?”

“Kai da almakashi ya gagare ka riƙewa, kai ne mai maganar gajiya? Jiya jifa ya yi, mutum goma sha ɗaya ya zaunar. Duba ƙasa, in idon zai bari.”

“Ni dai na ce mutum ya kama sana'a ɗaya.”

“Ai kai ɗaya ka kama, ga kawunan garin nan sun shaida.”

Shekara sittin suna haka, tun tana amarya yana saurayi mai man gashi. Shi ne kuma aka ɗora wa kula da wurin zubar da shara na unguwa. Sharar ƙonawa Talata da Juma'a ake fitarwa, kafin ƙarfe takwas, kuma a garinmu gara a ce ka yi rigima a bikin aure da a ce ka fitar da shara ba ranarta ba. Misao ba ta taɓa kuskurewa ba. Da shago ya rufe sharar ta ragu, takan yi makonni ba ta cika leda ba, sai a farkon Yuni aka wayi gari ranar Laraba ga leda guda zaune ita kaɗai a wurin, hankaki sun yi mata kaca-kaca, ɓawon kabewa har tsakiyar titi. Sunan gidan Chida ne a jiki. Zenkichi ya share ya wuce. Bayan kwana goma, ranar Asabar, ga wata. Tsohon ya yi kwana biyu yana juya abin a ransa, sannan ya ɗauki waya ya kira Natsue a birnin Sendai. Ni ban ga laifinsa ba, tsoro ne ya sa shi, don ya ga yadda ruɗewar tsufa ta fara wa matarsa.

Natsue ita ce 'yar Misao ɗaya tilo, shekararta hamsin da biyar, tana aiki a wani kantin magani. Suna son juna, amma irin son da ba ya iya magana. Sau ɗaya a wata take kira, a tambayi lafiya, a tambayi yanayi, a ajiye waya kafin ruwan shayi ya tafasa. Tun rasuwar mahaifinta take son uwar ta koma wajenta, ta ma gyara mata ɗaki a hawa na bakwai. Misao kuwa ta ce gidan da ta shiga da ƙafarta tana amarya, ɗauke da ita za a fitar. Yanzu ga dalili ya samu. Natsue ta ɗauki hutun kwana ɗaya, ta zo ta sa uwar a mota zuwa asibitin gari.

Likitar yarinya ce mai ladabi. Ta ce wa Misao ta riƙe kalmomi uku, za ta tambaye ta anjima, sannan ta ce ta yi ta cire bakwai daga ɗari.

“Casa'in da uku, tamanin da shida, saba'in da tara, saba'in da biyu. Likita, in ci gaba ne, ko kina da wasu marasa lafiyar a waje?”

Likita ta yi murmushi. Kalmomin uku ma Misao ta dawo da su a jere ba gargada.

“To Iya, yau wace rana ce?”

“Laraba, goma sha takwas ga Yuni,” in ji Misao, kai tsaye, har tana gyara zama.

Alƙalamin likita ya ɗan tsaya, sannan ya yi rubutu. Natsue ta sunkuyar da kai tana kallon jakarta. Likita ta ce tambaya ɗaya ba ta isa a ce komai ba, a dawo bayan wata uku. Amma a mota Natsue ta riƙe sitiyari da hannu biyu ba ta kalli uwar ba.

“Yau Alhamis ce, Mama. Goma sha tara.”

“Ke dai kin cika...”

“Ga wayata, duba. Sharar ma sau biyu ke nan. Ranar Asabar zan zo da kwalaye. Don girman Baba kada ki yi mini gardama wannan karon.”

Misao ba ta yi gardama ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Da ta shiga gida ta tsaya gaban kalanda. Laraba, goma sha takwas. Sai ta ce a ranta, ashe akwai safiyar da na manta ban yage ba, kuma ban san wacce ba ce. Ta sa hannu ta yage ganyen. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka ce Kiyoto ba zai tashi ba. Washegari babu wasa, 'yan ƙungiyar Dogo suna kan hanya zuwa wani gari. Ta yini tana zagaye gidan tana taɓa abubuwa tana kiran sunayensu da ƙarfi, tukunya, matata, ludayi, don ta ji ko suna nan a kanta. Zenkichi ya zo wucewa ya ga allo ba kowa, ya tsaya jim, ya kasa ƙwanƙwasawa.

Ranar Asabar da hantsi Natsue ta iso da kwalaye a naɗe da abin liƙe su. Ta tarar da uwar a durƙushe kan tabarma gaban talabijin, littafi a kan ɗan tebur, fensir biyu a fiƙe.

“Mama, da wane ɗaki za mu fara?”

“Ki fara da duk wanda kika ga dama. Yau Dogo ne zai yi jifa. Ki bar ni in rubuta wannan, ko da shi ne na ƙarshe.”

Natsue ta tsaya a bayanta da kwali a hannu. Tana kallo uwar ta ɗaga kai ta dubi kalanda, wadda yanzu ke cewa Asabar, ashirin da ɗaya, sannan ta sunkuya ta rubuta a saman shafi: Juma'a, ashirin. Natsue ta ajiye kwalin a hankali.

“Mama. Yanzu fa kika duba. Ashirin da ɗaya ne.”

“A nan ba,” in ji Misao, ko juyowa ba ta yi ba, don Dogo ya riga ya hau tudun jifa. “Can Juma'a ce. Ba ki ga fitilun fili a kunne ba? Su yanzu suka ci abincin yamma. Ubanki ya ce wasa da ranar...”

Fensir ya tsaya a sama. Ta juya ta kalli bango, ta kalli littafi, ta sake kallon bango.

“Af! Ni ce. Ni na bar ganyen. Tun Afrilu!” Ta buga tebur har fensir ɗaya ya gangara. “Ke, ba mantuwa ba ce, a Amurka nake zaune wata biyu ban sani ba!”

Sai da ta maimaita bayanin sau biyu kafin Natsue ta gane. 'Yar ta durƙusa ta ja littafin, ta buɗe wayarta, ta shiga gwada shafi da shafi. Wasa saba'in da wani abu, kowane da ranarsa ta can, kowace jifa a gurbinta, ba kuskure ko ɗaya. Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta rufe fuska da tafin hannu.

“Kin san kwana nawa na yi ban yi barci ba saboda ke da wannan dogon yaron?”

“Kada ki sa shi a ciki, shi bai fitar da shara ba.”

Natsue ta share ido. Ita ma halin uwarta gare ta, ba a kayar da ita da dariya.

“Na yarda. Amma ke kika mayar da kalandar baya, kuma kika manta kin yi, wata biyu cur. Wannan fa?”

Gaskiya ce, kuma Misao ta sani.

“Ga abin da za a yi,” in ji Natsue. “Kwalayen nan za su zauna a shago. Kullum da azahar, lokacin hutuna, zan kira ki. Ki gaya mini ranar nan, ki gaya mini ranar can, ki gaya mini abin da ya yi. Har ƙarshen kaka. In kika kuskure sau uku, za ki bi ni Sendai ba musu. In ba ki kuskure ba, na bar maganar.”

“Uku? To ai daidai ne, mai bugu ma uku ake ba shi. Matsa, kin tare mini talabijin.”

Da yamma Misao ta aika wa Zenkichi kwanon dafaffiyar kabewa, tare da saƙon cewa gulmammen tsoho ya ci ya ƙoshi. Ya cinye, ya dawo da kwanon da 'ya'yan itacen pilam shida a ciki.

Haka aka shiga. Ƙarfe goma sha biyu da kwata waya za ta yi ƙara, Misao tana zaune a gefenta tun sha biyu, amma sai ta bari ta yi ƙara sau uku kada a ce jira take. Da fari kamar jarrabawa abin yake.

“Yau?”

“Litinin a nan, Lahadi a can. Sau huɗu ya shiga bugu, ɗaya ta ƙetare, sau biyu aka zaunar da shi. Ashirin da huɗu ke nan.”

“Daidai. Sai gobe.”

Amma wa zai iya ba da labarin wasa a jimla ɗaya? Cikin Yuli Misao ta fara ƙarawa da yadda alƙalin wasa ya zalunce shi a zagaye na bakwai, da yadda ya sunkuya ya tsinci wata 'yar takarda a fili ya sa a aljihu, alamar uwarsa ta iya tarbiyya. Natsue ta fara tambayar me ya sa ake ƙin jefa masa ƙwallon kirki in akwai 'yan ƙungiyarsa a tashoshin fili suna jiran su ci maki. Cikin Agusta, da ya yi kwana tara bai buga ta ƙetare katanga ba, Natsue ce da kanta ta ce ko dai kafaɗarsa ce, Misao ta ce mata ta wanke bakinta. Daga nan magana takan zame. Wata rana ta faɗa kan mai kantin da Natsue ke yi wa aiki, wata rana kan yadda ake jiƙa wake in ana sanyi, wata rana kan mijin Natsue da suka rabu shekara goma sha biyu da suka wuce, wanda uwa da 'ya ba su taɓa zama sun yi maganarsa ba sai a wannan wayar. Sau da yawa hutun Natsue yakan ƙare shinkafarta tana cikin akwati ba ta taɓa ba. Misao ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Da wata uku suka cika aka koma wajen likita, Misao ta ba ta ranar nan, ta ƙara mata da ta can kyauta.

Ƙungiyar Dogo ba ta kai zagayen neman kofi ba, duk da abin da ya yi musu, kuma kada ku tambayi Misao ra'ayinta kan sauran 'yan wasan. Wasan ƙarshe ya faɗo da sassafen wata Litinin. Ta rubuta shi har jifar ƙarshe, ta ja layi biyu a ƙasan shafi kamar yadda Kiyoto ke yi, ta fita ta rubuta arba'in da uku a sama, ɗari da saba'in da ɗaya a ƙasa. Zenkichi ya cire hula ya sunkuya wa allon, ya ce to, ya yarda, yaron ya iya sana'a biyu.

Sha biyu da kwata waya ta yi ƙara. Wannan karon a ƙara ta farko ta ɗauka, ta ba da rahoto cikakke kafin a tambaye ta.

“Mama, kin ci,” in ji Natsue, da fara'a a muryarta. “Wasa kusan casa'in, ko ɗaya ba ki zubar ba. Na bar maganar Sendai. Kwalayen ki ba Zenkichi-san ya kai wa masu takarda. Gidanki naki ne.”

“Da ma na wa ne?”

“Kin kuma huta da ni. Ba sauran mai damunki da tambaya kullum azahar kamar 'yar firamare.”

Misao ta riƙe wayar a kunne. Abin da ta yi wata uku tana yaƙi a kai ke nan, an miƙa mata, amma ko ɗigon murna ba ta ji ba. Sai watan Afrilu za a sake wasa. Ta hango azahar ɗin gobe, da ta jibi, wayar nan zaune a kan kabad ba ta motsi, ga hunturu yana tafe. Ba ta iya cewa ki riƙa kira ba. Bakinta bai saba da irin wannan ba, ko ga Kiyoto ba ta taɓa faɗar makamancinsa ba.

“Mama? Kina ji na?”

Kalanda tana gabanta, an yage ta daidai tun da safe, rubutun manya-manya ko ba tabarau.

“Ke 'yar nan,” in ji Misao. “Yau ma wace rana ce?”

A ɗaya ɓangaren ana jin ƙarar ƙofar kanti tana buɗewa tana rufewa, ana jin Natsue tana jan hanci.

“Litinin ce, Mama.”

“Oho, Litinin. To gobe fa?”

“Gobe sai na kira in gaya miki.”